Faci uku cikin mako biyu, kuma kana son fita bayan La'asar

Wani matashi da ke zaune a Agege ya aiko da tambaya. Ya sayi keken gwanjo, irin mai giya da kaurin taya, kuma tayar baya ta sace masa sau uku cikin mako biyu. Duk lokacin yakan tura shi wurin mai facin mota a bakin titi, a liƙe, ya biya, bayan kwana uku ko huɗu ya tashi da safe ya tarar ta kwanta. Yana so ya koyi yin facin da hannunsa. Yana kuma sha'awar ya riƙa fita yawo kan hanyoyin ƙasa na bayan gari idan an yi La'asar, sai dai yana tsoron taya ta yi masa tsiya a nesa da gida, duhu ya same shi.

Ƙanena, sannu da haƙuri. Na fi shekara 30 ina kwance ƙafar keke ina ɗaurawa, na fara a arewa, na ƙarasa girma da sana'ar a nan Ikko. Ban ga kekenka ba, amma zan faɗa maka abin da nake zato tun daga nan: abin da ya huda tiyub ɗinka karon farko yana nan zaune a jikin tayar har yau. Shi ya yi huda ta biyu, shi ya yi ta uku. An bar jaki ana dukan taiki. Mai facin mota ba mugunta ya yi maka ba, aikinsa ne ya nemo rami ya toshe, kuma ga motocin haya na danfo biyu na jiransa, ba zai tsaya laluben cikin tayar keke ba.

A Legas abin da ya fi huda mana taya ba ƙusa ba ne, ba kuma ƙaya ba kamar a gida. Waya ce. Tayar tirela ko ta bas idan ta cinye har ta kai ga ƙarfen cikinta, takan riƙa zubar da 'yan siraran wayoyi, kaurinsu kamar gashin gemu, tsawonsu bai kai rabin farce ba. Iskar motoci da ruwan sama su share su zuwa gefen titi, daidai inda mai keke yake bi. Wayar ta shige cikin roba ta ɓuya, daga waje ba ka ganin komai, daga ciki kuma ɗan tsininta kawai ya leƙo. Duk juyin da ƙafa ta yi sai ya ɗan soki tiyub, a hankali har ya ratsa. Shi ya sa iskar ba ta fita lokaci guda, sai cikin dare. Bayan waya sai fasasshiyar kwalba. Tayar baya kuwa ita ta fi shan wahala, don ita ke ɗauke da mafi yawan nauyinka, kuma sau da yawa tayar gaba ce ke taka abu yana kwance ta tayar da shi tsaye, ta baya ta zo ta hau.

Kafin komai, tsuguna ka karanta gefen tayarka. Za ka ga lamba irin 26 x 1.95, kusa da ita wata kamar 50-559. Ta biyun ce ba ta ƙarya: 559 faɗin da'irar rim ne, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, da milimita, kuma kowace taya ta inci 26 ta keken dutse, irin naka mai kaurin taya, haka take. Idan ka ga 584, taka 27.5 ce. Idan 622 ce, to 29 ce ko irin siririyar ta tsere. Tsofaffin kekunan iyayenmu, su Raleigh da Phoenix masu birkin sanda, nasu 635 ne. Keken gwanjo yakan zo da tiyub ɗin da ba nasa ba, an cusa babba ya nannaɗe a ciki, ko ƙarami ya miƙe har ya yi siriri. Ka duba kan bawul kuma. Akwai mai kauri irin na mota, akwai siriri mai 'yar goro a kai wadda sai ka warware ta kafin iska ta shiga, akwai kuma na da, wanda ake kira da sunan Dunlop, mai 'yar roba a ciki. Dunlop ɗin nan likitan dabbobi ne a Belfast, a 1887 ya sa wa keken ɗansa mai ƙafa uku taya mai iska, kuma tun daga ranar masu keke ba su huta da faci ba. Ka sayi famfon da bakinsa ya dace da bawul ɗinka, ka gwada shi a shagon kafin ka biya.

Kayan aikin ba su da yawa, duka za su shiga 'yar jaka a ƙarƙashin sirdi: liba biyu na roba na ɓamɓare taya, faci 'yan ƙanana, sholisho, guntun samfefa, sufana mai lamba 15 idan ƙafarka da noti aka ɗaure ta, alli, ɗan auduga, da sabon tiyub guda. Kada ka yi liba da sukundireba ko bakin cokali. Rabin ramukan da ake kawo mini, masu keken ne suka yi su da hannunsu wajen ɓamɓare taya.

Cire ƙafar baya ne ke tsorata sabon shiga. Mayar da sarƙa kan ƙaramin haƙori na baya tukuna, sannan ka kifar da keken kan sirdi da kai. Idan birkinka mai roba ne da ke matse rim, saki wayarsa don tayar ta samu hanyar wucewa. Idan na faifai ne, ka kiyaye kada ka matsa hannun birki alhali ƙafar tana waje, don bakin zai rufe ya hana faifan komawa. Warware noti, ja abin giyar baya da hannu ɗaya, ƙafar za ta fito.

Yanzu ga wurin da nake so ka natsu, don nan ne maganin matsalarka yake. Kafin ka taɓa liba, sa alli ka yi wa tayar alama daidai inda bawul yake. Saki sauran iskar, matse tayar da hannu ko'ina ta saki bakin rim, sa liba ka buɗe gefe ɗaya kawai, ka zaro tiyub ba tare da ka juya shi ba. Buga masa iska har ya kumbura ya ninka kaurinsa. Kewaya da shi kusa da leɓenka, leɓe ya fi yatsa jin iska. In ba ka ji ba, tsoma shi cikin bokitin ruwa kaɗan-kaɗan, ka ga inda kumfa ke tashi. A hanya, ledar fiya wata guda ta isa: ka riƙa ɗiga ruwan kana kallo. Da ka samu ramin, zagaye shi da alli, sannan ka ɗora tiyub ɗin kan tayar, bawul a kan alamar da ka yi. Inda ramin ya faɗa, nan ɓarawon yake.

Ramin da kansa yana ba da labari, in ka iya karatunsa. Ɗan ƙaramin rami guda a bayan tiyub, ɓangaren da ke kallon ƙasa, waya ce ko kwalba. Rami a cikin tiyub, ɓangaren da ke kwance kan rim, laifin rim ne: ko robar da ke rufe kawunan wayoyin ƙafa ta goce ko ta tsage, ko tsatsa ta yi kaifi. Wannan ya yi yawa a Legas, musamman kekunan da ke kwana waje a unguwannin bakin ruwa, don iskar teku da laima ba sa barin ƙarfe lafiya. Ramuka biyu a jere kamar saran maciji, wannan ba abin da ya soke ka. Iska ce ta yi kaɗan, ka daki bakin rami ko gefen kwata, rim ya datse tiyub. Tsaga a gindin bawul kuma ba ta faci, kada wani ya karɓi kuɗinka a kanta, sayi sabo.

Idan hudar ta waje ce, ɗauki audugar nan ka shafa cikin tayar a hankali, ka zagaya duka. Duk inda tsini yake, auduga za ta maƙale. Na daina yi da yatsa tun ranar da guntuwar kwalba ta yanka ni har na yi mako ban riƙe sufana daidai ba. In ka samu wurin, lanƙwasa tayar ta yadda ramin zai buɗe baki, ka tura wayar daga ciki ka cafke ta daga waje da ɗan hantsaki ko abin yanke farce. Kada ka tsaya a ɗaya. Na taɓa cire huɗu daga taya guda. Zazzage yashin da ke ciki, shi ma yana cin tiyub a hankali kamar samfefa.

Facin kansa ba wuya, gaggawa ce ke ɓata shi. Busar da tiyub sarai. Kankare wurin da samfefa, faɗin da ya fi facin, har sheƙin robar ya tafi. Idan ramin na kusa da layin ɗinkin tiyub, goge layin ya kwanta, in ba haka ba iska za ta bi ta gefensa ta fita. Shafa sholisho siriri, sau ɗaya, ka ajiye. A nan kowa ke faɗuwa. Sholisho ba gam ba ne da ake manna abu yana jiƙe. Aikinsa ya shirya fuskar robar don ita da facin su haɗe su zama jiki guda, kuma ba ya yin haka sai ruwan cikinsa ya tashi. Jira minti 5, da damina ko ranar da gari ya yi laima ka ƙara, har ya daina ƙyalli. Kada ka hura masa baki, kada ka taɓa da yatsa. Ɓare takardar azurfar da ke ƙasan facin, ɗora tsakiyarsa kan ramin, ka danne da ƙarfi kana murzawa da bayan liba daga tsakiya zuwa gefe, kamar minti ɗaya. 'Yar ledar saman ka bar ta, ba ta hana komai. Facin da aka yi haka yakan kai ƙarshen ran tiyub ɗin. Ka kuma ɓoye sholishon nan inda yara ba za su kai ba, ka san abin da wasu ke yi da shi a tasha.

Facin wuta na masu mota yana da kyau ga tiyub ɗin babur da na mota, masu kauri. Na keke siriri ne, zafin yakan gasa gefen facin ya taurara, daga baya ya tsage a wurin. In tiyub ɗinka ya sha irin wannan har sau uku, ni dai da zan ba ka shawara ka yanka shi ka yi ɗaurin kaya da shi.

Wajen mayarwa, buga wa tiyub 'yar iska ya yi siffa, fara sa bawul ya tsaya a miƙe, cusa sauran cikin tayar. Rufe bakin tayar da tafin hannu, ka fara daga ɓangaren da ya fi nisa da bawul ka ƙare a wurin bawul. In ƙarshen ya yi tauri, koma ka matse bakin tayar zuwa tsakiyar rim inda yake da zurfi, za ta saki. Kafin ka cika iska, leƙa gefe biyu ka tabbata tiyub bai leƙo ƙarƙashin bakin tayar ba, don in ya leƙo, ƙarar da za ka ji sai maƙwabta sun fito.

Iska nawa? An rubuta a gefen tayar, irin taka yawanci 40 zuwa 65 PSI, wato ma'aunin ƙarfin iska. Ga mutum mai nauyin kilo 70, ni nakan sa 50 in kwalta zai bi, in kuma hanyar ƙasa ce 40 a baya, gaba ta ɗan gaza haka, don tayar ta kama ƙasa kada ta riƙa tsalle. Mai jiki ya ƙara. In za ka sha iska wurin mai injin, tsaya a kansa ka ce kaɗan-kaɗan, cikin tayar keke bai da girma, daƙiƙa biyu sun isa su wuce da ita. Kowane tiyub yana rage iska da kansa ko ba rami, saboda haka ka matsa tayarka duk ranar da za ka fita. Masu tayar da ba ta da tiyub, wadda ake zuba wa ruwan toshe rami, suna jin daɗinta, amma sai rim da taya sun dace, kuma ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni. Bar wannan tukuna.

Sai maganar yawon yamma, wanda na ji daɗin ganin matashi yana so. Tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, aka kuma janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kekunan da ake kawo mini sun ƙaru, amma kusan duk na neman abinci ne. Mai hawa don jin daɗi kaɗan ne a cikinmu.

Lissafinka ka fara shi daga Magariba ka dawo baya. A Legas rana tana faɗuwa tsakanin wajen 6:25 a watan Nuwamba da 7:05 a watan Yuli, kuma da yake muna kusa da tsakiyar duniya, hasken da ke biyo bayan faɗuwarta kamar minti 20 ne kawai. A ƙarƙashin itatuwa ma bai kai ba. La'asar tana kamawa wajen ƙarfe 4. In ka fita 4:30, kana da kamar awa biyu. A hanyar ƙasa, mai hawa a natse yakan ci kilomita 10 zuwa 12 cikin awa. Mai tura keke da ƙafa kuwa 4 ne ko 5. Ka ga ke nan in taya ta ƙi gyaruwa kana kilomita 10 daga gida, tafiyar awa biyu ce ta same ka, cikin duhu, a unguwar da ba a san ka ba. Ni dokata ita ce in juyo da zarar na ci kashi ɗaya cikin uku na lokacin, in bar kashi ɗaya na dawowa, ɗayan kuma na tsautsayi. Ya taɓa cin ni a wajen Ikorodu: na buɗe sholisho na tarar ya bushe ƙamas a cikin kwalinsa, ba ni da tiyub na canji, na iso bakin titi bayan Isha'i sauro ya gama da ƙafafuna. Sholishon da aka taɓa buɗewa ba ya daɗewa, ka riƙa matsa shi kana dubawa.

Don haka in ta sace maka a hanya da yamma, kada ka zauna faci. Cire, lalubi tayar da auduga, sa sabon tiyub, buga iska, kama hanya. Wanda ya saba minti 10 ya ishe shi. Mai ramin ka naɗe shi ka kai gida ka yi masa faci a natse, ya zama shi ne na canji. In kwalba ta tsaga tayar kanta har tiyub na leƙowa, ninka guntun buhu ko ledar madarar gari ka shimfiɗa daga ciki, ka rage iska kaɗan, zai kai ka gida. Ka gwada duk wannan sau biyu a tsakar gida ranar da ba ka da uzuri, don kada karonka na farko ya zama a bakin daji ana kiran salla.

Wurin zuwa, daga Agege ba sai ka yi nisa ba. Cikin lungunan Ipaja da Ayobo har yanzu akwai hanyoyin da ba a zuba wa kwalta ba, kuma in ka samu ranar hutu da abin ɗaukar keke, wajen Epe akwai hawa da gangara, Badagry kuma yashi da inuwar kwakwa. Sabuwar hanya ka fara bin ta da safe ko tare da wanda ya san ta. Gefen layin dogo ka bar shi gaba ɗaya, komai kyan da ya yi maka: jirgin Ibadan yana bi tun 2021, ga kuma jirgin cikin gari da ke tashi daga Agbado zuwa Oyingbo ya ratsa ta Agege, banda duwatsun layin da ke datse tiyub. Layin manyan bas-bas na BRT ma ba naka ba ne. Babban titin Abeokuta da yamma, lokacin da kowa ke rububin komawa gida, in dole ne ka tsallaka, sauka ka tura.

Ƙasar nan iri biyu za ta gwada ka. Yashi mai zurfi, sa giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, koma da nauyinka baya, ka ci gaba da taka feda, kada ka taɓa birkin gaba, kada kuma ka yi kokawa da kan keken. Jar ƙasa kuma in ta sha ruwa santsi gare ta kamar sabulu, tana kuma cushewa tsakanin taya da birki. Watan Yuni ne ruwa ya fi yawa, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. Duk ruwan da ya kwanta a hanya wanda ba ka ga ƙasansa ba, zagaye shi. A garin nan ƙarƙashinsa yana iya zama buɗaɗɗiyar kwata.

Fitila fara a gaba, ja a baya, ka kunna su tun rana tana ja, don amfaninsu na farko direban danfo da mai Keke Marwa su gan ka. Sa riga mai haske da hular kwano. Riƙe ruwa, waya mai caji, da 'yan canji a aljihu daban da na wayar. Faɗa wa wani a gida inda ka nufa da lokacin da za ka dawo. In ka ratsa ta ƙofar gidajen mutane, rage gudu, akwai yara da kaji, ka kuma gaishe da dattawan da ke zaune. "E ku irole" kawai, barka da yamma ke nan da Yarbanci, ta sha samo mini ruwa da bokitin neman rami a inda ban san kowa ba. Kare in ya biyo ka, kada ka yi tsere da shi a yashi, sauka ka sa keken tsakaninku.

Da ka dawo, kafin ka jingine shi, juya kowace ƙafa a hankali ƙarƙashin fitila ka tsince duk abin da ya maƙale a roba, tun bai ratsa ba. Washegari da safe ka matsa tayar bayan. In ta kwana da ƙarfinta har kwana uku a jere, ka cire ɓarawon. In ta sake kwantawa, cire tiyub ɗin ka duba ko sabon ramin ya faɗa daidai inda tsohon yake daga bawul. In haka ne kuma auduga ba ta kama komai ba, zaren cikin tayar ne ya tsinke yana cizon tiyub, sai ka sayi sabuwar taya mai lamba ɗaya da wadda ka karanta a gefe.